Kan da Iya ta Gyara

Wani siririn tef na takarda ne ya tayar mini da wannan tunani. A asibitin yara na gan shi, nan Woodbridge, wani gari kusa da Washington, inda nake zaune wurin autata Rabi. Wata ma'aikaciya ta naɗa shi a zagayen kan jikana, ta karanta lamba, ta cukuikuye shi ta jefa a kwandon shara. Na daɗe ina kallon kwandon nan. A zamaninmu ba a auna kan jariri, gyara shi ake yi, kuma kayan aikin ba su wuce ruwan zafi da tsumma da tafin hannun tsohuwa ba. Yanzu tsofaffin sun tafi, waɗanda suka rage irina kuma an ce mu riƙe hannuwanmu.

A garinmu ba sai an gaya maka wane gida aka haihu ba. Tun ciki bai tsufa ba za ka ga itace yana taruwa a bayan ɗaki, kuma namijin da tarinsa bai kai ba sai ya sha gori wurin matan gida har a yaye yaron. In an sauka lafiya, safiyar gidan takan canja murya. Ga tafasar ruwa a ƙatuwar tukunya, ga fyaɗin ganye a bayan maijego, tana wayyo-wayyo tsofaffi suna mata dariya suna cewa ta daure, ga dakan gero na kunun kanwa, ga ƙamshin citta da kimba da masoro yana shiga har gidan maƙwabta. Mu yara mukan yi ta kewaye-kewaye don a sam mana kunun, a kore mu ta nan mu ɓullo ta can. Nan inda nake yanzu, safiya ba ta da wata murya sai ta motoci masu rige-rigen hawa babban titi, da ƙofar gareji tana naɗe kanta. Maƙwabciyarmu ta haihu har yaron ya fara zama ban sani ba, sai da na ga keken jarirai a bakin ƙofarta.

Bayan an gama da uwa sai a zo kan ɗa, kuma wannan aikin kakata ne, Iya, wadda ta haifi mahaifina. Rabin unguwarmu ta hannunta suka bi. Takan zauna a 'yar kujera ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da jariri a kan ƙwaurinta, ga ƙwaryar ruwa a gefe tana tururi. Ta tsoma tsumma, ta matse, ta gwada a kumatunta, sannan ta gasa cibiya, ta gasa gaɓoɓi, ta ja ɗan hancin nan don kada ya kwanta. Kai shi ne na ƙarshe. Ta lulluɓe shi da tsumma mai ɗumi, ta lakato man shanu ta murza a tafinta, ta sa hannu ɗaya nan ɗaya can, tana juyawa a hankali kamar mai mulmula fura. Wanda ya zo da dogon kai ta tara masa shi, wanda ya zo da faffaɗa ta matso gefe da gefe don ƙeya ta fito. Ba ta sauri, ba ta kuma son a yi mata magana. In ta gama takan ce, “Allah ne Yake yin mutum, amma Yakan rage ɗan abin da tsofaffi za su ƙarasa, don kada mu zauna muna cin tuwon banza.” In kuwa wata uwa ta yi wasa da lokaci, Iya takan ce mata, “Kawo shi tun kafin arba'in. Yanzu ne kai yake jin magana, nan gaba ko mai shi ba zai ji ba.”

Kai kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Da shi ake ɗaukar tulu da dami da ƙwaryar talla, a kansa kitso yake zama ko ya ƙi zama. Yara ba su da tausayi, mai dogon kai su ce masa gatari, mai faffaɗa su ce faifai, kuma sunan yakan bi mutum har ya yi furfura. Ni ba a taɓa saka mini suna ba. Masu kitso ma yabon kaina suke yi, ni kuma ina jin daɗi kamar ni na yi shi.

Ban san mahaifina ba. Ya rasu ina ciki, kuma mai hoto bai taɓa zuwa garinmu a zamaninsa ba. Mahaifiyata ba ta ambatonsa, kunya ba ta bari, daga baya ma ta yi aure wani gari aka bar ni wurin Iya. Iya kuwa in aka zo kan zancensa sai ta tuna tana da aiki a madafa. Wata rana da hantsi, ina 'yar budurwa, Gwaggo ƙanwar mahaifina tana mini kitso a gindin cediyar tsakar gida, kaina a tsakanin gwiwoyinta. Da yake ba na kallon idonta sai na samu ƙarfin hali.

Na ce, “Gwaggo, yaya kamannin babana?”

Ta ce, “Ke kam da tambaya. Tsaya da kyau, kina ɓata mini tsaga.”

Na tsaya da kyau. Can sai ta ce, “Ba ki ɗauko shi a ido ba, ba ki ɗauko shi a hanci ba, duk na uwarki ne. Kansa kaɗai kika zo da shi. Faffaɗa, ƙeya a shafe kamar an jingina shi da bango. Ranar da aka haife ki Iya ta duba, ta ce, ‘Ga shi ya dawo.’ Ta zaga bayan ɗaki ta daɗe. Da ta fito sai ta ce a ɗora mata ruwa.”

Na ce, “Don me?”

“Ta ce ba za ta bar marainiya da kan namiji ba, a rasa uba kuma a zo a rasa miji. Ta kuwa yi aiki, ko alama ba ta rage ba. Juyo nan.”

Na juya, ta ci gaba da kitsonta. Ban yi kuka ba, ban ma san akwai abin kuka a ciki ba. A matsayin yabo na ɗauki maganar, don haka aka faɗe ta. Da aka gama na je na leƙa randa na ga fuskata a ruwa, na koma wasana. Sai dai tun daga ranar, in na yi zurfi a tunani, hannuna yakan tafi ƙeyata da kansa. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya sha tambayata ko ƙwarƙwata ce.

Da na girma na koyi aikin, ba a makaranta ba, da ido. Bayan Iya ta rasu ni ake aiko wa. Jikokina na gida duk ta hannuna suka bi, kuma ba wanda aka taɓa saka wa suna. Shi ya sa da Rabi ta aiko cewa haihuwa ta kusa, ban tsaya dogon shiri ba. Na ƙulle man kaɗe da yajin jego da wani tsohon zanena mai laushi na yin tsumma, na hau jirgi.

Rabi nas ce. Mijinta Faisal mutumin Malesiya ne, ɗan ƙabilar Malay, a jami'ar College Park suka haɗu. Yaro ne mai ladabi, sai dai ladabin nasu daban. Ranar farko ya kamo hannuna da hannu biyu ya kai goshinsa, na ji kamar in nutse, don mu suruki daga nesa yake durƙusawa. Kullum da sassafe yake fita ya hau keke zuwa tashar jirgin ƙasa, daga nan sai Washington. Yana da hulunan kwano har sun yi yawa a gareji, Rabi ta ce duk wadda ya saya sai ta matse shi a gefe, gaba da baya kuma ta yi masa rawa. Ina kallon kansa na gane dalili. Zagayayye ne, faffaɗa, ƙeya a miƙe. Da aka haifi yaron, aka miƙo mini shi na zame masa 'yar hula, sai ga kan uban nan sak. Na ce, “Sannu da zuwa, angona,” a zuciyata kuma na ce, ga aiki.

Kashegarin dawowarsu daga asibiti na tafasa ruwa a butar lantarki, na yage zanen nan, na zauna a ƙasa na miƙe ƙafafu. Rabi ta fito tana dafa bango.

Ta ce, “Mama, me za a yi?”

Na ce, “Angona zan gyara. Ba ki ga ƙeyar ba?”

“Mama, don Allah a'a. Ki yi masa wanka, ki shafa masa mai, ki goya shi duk yadda kike so. Amma ban da matsa kai. Nan ba gida ba ne. In likita ta ga ko ɗan ja a fatarsa, tambayoyin da za a yi mana ba za ki so su ba.”

Na ce, “Ke wa ya gyara naki?”

Ta ce, “Na sani, Mama, na gode. Amma a'a.”

Na ji ciwon maganar nan ƙwarai. Abinci ana sayowa, wanki inji ke yi, maijego ta ce ruwan famfo mai ɗumi ya ishe ta, kunun kanwa ma ta ce kanwar ba ta da kyau ga zuciya. Abu ɗaya ya rage wanda ni kaɗai na iya a gidan, shi ne aka hana. Na zubar da ruwan, na zama 'yar kallo. Ina yi wa yaron wanka ina kewaye kan kamar an ce akwai ƙaya a wurin, kwanakin arba'in kuma suna ta tafiya.

Ana cikin haka aka kai shi awo, na bi su. Bayan an yi na tef ɗin da na faɗa, likitar ta shigo, wata mace mai fara'a. Ta shafa kan yaron, ta leƙa shi ta sama, sannan ta ɗauko wani ƙarfe mai baki biyu kamar babban hantsaki. Ta auna daga goshi zuwa ƙeya, ta auna daga saman kunne zuwa saman kunne. Rabi tana fassara mini. Wai faɗin ya yi kusa da tsawon fiye da yadda ta saba gani. Sai ta ɗaga ido ta kalli Faisal, ta yi dariya, ta ce ya zauna. Ƙato da shi ya zauna a kujerar da aka yi wa zanen agwagi, aka auna shi kamar jariri. Ta ce awon da ta saba aiki da shi yawanci daga kawunan mutanen nan aka samo shi, mutanen su Faisal kuwa da yawansu kansu ya fi faɗi, ya fi gajarta daga gaba zuwa baya, don haka ba za ta yi saurin cewa komai ba. Ko gado ne, ko kwanciyar rigingine ce take shafe ƙeyar, lokaci zai nuna. A riƙa juya shi, a dawo a sake aunawa. In abin ya ƙaru, akwai wata hular roba mai tauri da ake sa wa yaro ya yi watanni da ita har kan ya daidaita. Na ce a raina, ashe su ma suna gyaran kai, roba kawai suka ba aikin.

Rabi nas ce a asibiti, amma a gida uwa ce. Tun a mota ta ɗauko wayarta. Ta kwana biyu tana duba hotunan yara masu hular nan a waya. Ran nan da rana, arba'in saura kaɗan, ta same ni a madafa.

Ta ce, “Mama, ki yi masa. A hankali dai. Gara hannunki da hular nan.”

Ban yi mata gori ba, ko da yake na so. Na ce gobe da safe, in Allah Ya kai mu. Na fito da tsummana na wanke na shanya.

A yammacin ranar ne Faisal ya ɗauko mahaifiyarsa daga filin jirgi. Takardun tafiya ne suka tsayar da ita, shi ya sa ba ta zo da wuri ba. Hajiya 'yar gajeruwa ce, mai sanyin murya, mijinta ya rasu tun Faisal yana makaranta. Ba ta jin Hausa, ba na jin nasu, Turancinmu mu biyu in an haɗa ba zai sayi albasa ba. Muka yi sallama, muka rungumi juna. Da ta buɗe akwati na ga wani dogon ƙyalle na ɗaure cikin maijego, da wani sulɓaɓɓen dutse da ake gasawa a naɗe a tsumma a dinga dannawa a ciki, da ƙullin saiwoyi masu ƙamshin citta. Na yi dariya, ta yi dariya. Ba sai an fassara ba, ita ma da aikinta ta zo, ita ma za a hana ta rabi.

Sannan aka miƙa mata yaron. Ta zame masa hula kamar yadda na yi. Ta sa tafinta a ƙeyarsa, sai ta tsaya cak. Ta shafa daga kunne zuwa kunne, ta sake shafawa. Ta faɗi wata gajeruwar magana, ba ga kowa ba. Sai ta miƙa wa Rabi yaron, ta buɗe ƙofar baya ta fita tsakar gida, ta tsaya ta ba mu baya, ko rigar sanyi babu.

Na ce wa Rabi ta tambayi mijinta me ta ce.

Faisal ya sunkuyar da kai, Rabi tana fassara mini, ya ce, “Mama, cewa ta yi, Abah ya dawo. Babana ke nan. Kansa ne.”

Da safe na tafasa ruwa, na zauna na miƙe ƙafafu, na kwantar da angona a kan ƙwaurina. Hajiya ta zo ta zauna kusa tana riƙe mini tawul, ba ta san abin da aka shirya ba. Na gasa cibiya, na gasa gaɓoɓi. Na lulluɓe kan da tsumma mai ɗumi, na murza mai a tafina, na sa hannu ɗaya nan ɗaya can. Hannuwana sun san abin da ke biye, ba sai na gaya musu ba. Na daɗe a haka har tsumman ya huce. Sai na ɗauke shi, na shafa wa yaron mai kawai, na naɗe shi na miƙa wa kakarsa.

Bayan sun shiga ɗaki Rabi ta ce, “Mama, ba ki yi ba.”

Na ce, “Ban yi ba.”

A nan na ba ta labarin Gwaggo da cediya, wanda ban taɓa ba kowa a cikin 'ya'yana ba. Ta saurara har na gama. Sai ta taso ta tsaya a bayana, ta ce in yi haƙuri, ta zame mini ɗankwali. Ta cusa yatsunta ta ƙarƙashin kitso, ta bi ta gefe, ta bi ta baya, irin taɓawar asibiti.

Ta ce, “Mama, ai ƙeyarki a shafe take. Kitso da ɗauri ne suke rufe ta. Kanki faffaɗa ne.”

Na ce, “Ke, kiyaye ni. Iya ce fa ta gyara shi.”

“Mu dai abin da aka koya mana, kan jariri yakan matsu wurin haihuwa, sannan ya koma yadda aka halicce shi. Ɗan shafawar safe ba ta canja ƙashi.”

“To me ya sa jiya kika ce in yi?”

Ta ce, “Tsoro, Mama.”

Da aka koma awo daga baya, likita ta ce gefe da gefe daidai suke, kan bai ƙara shafewa ba, a bar maganar hula. Faisal ya ce ko a auna ni ma, tunda ƙarfen yana kusa. Na ce ya bar ni.

Har yau ban san wa zan gaskata ba, Gwaggo ko Rabi. In Gwaggo ce da gaskiya, hannun Iya ya yi aiki, kuma abu ɗaya da mahaifina ya bar mini ya tafi a ƙwaryar ruwan zafi tun ban yi arba'in ba. In Rabi ce, to duk aikin da Iya ta yi, da wanda na yi wa yaran unguwa shekara da shekaru ina taƙama, bai wuce ɗumi da man shanu ba, kuma mutumin da nake tambayar kamanninsa yana nan a wuyana tun farko, da shi na ɗauki tulu, da shi na yi sujada. Ba za su yiwu duka biyun ba, kuma waɗanda za su raba gardamar suna ƙasa.

Hajiya ta koma ƙasarsu da tabbacin cewa mijinta ta gani, ban kuma ce mata komai ba. Ni ce dai nake yi wa yaron wanka har yanzu. Jiya da safe na tallafo ƙeyarsa da hannun dama, sai na ji na hagu ya tafi tawa kamar yadda ya saba, tafin nan biyu kuma suka zauna zama iri ɗaya. Yana kallona yana wasa da ruwa. Na buɗe baki zan ce angona, sai na ji na ce, “Sannu, Baba.”